Bishop Agustin na Hippo: Wane Ne Shi, Me Ya Rubuta, Daga Ina Za a Fara Karanta Shi?

Tambaya: "Malam, Allah ya ƙara basira. Ni katikis ne, ina koyar da masu shirin baftisma a wata ƙaramar coci ta ƙauye. Tun ranar da aka zaɓi Paparoma Leo na 14, da ya fito ya ce shi ɗan Waliyyi Agustin ne, mutanena suke tambayata wane ne wannan Agustin. Iyakar abin da na sani shi ne ɗan Afirka ne, ya yi rayuwar banza a ƙuruciyarsa, mahaifiyarsa ta yi ta kuka da addu'a har ya tuba. Don Allah wane irin bishop ne shi, me ya rubuta, kuma mutum irina zai iya amfana da littattafansa, ko kuwa sai manyan masana?"

Ɗan'uwa, Allah ya ƙarfafa ka a kan wannan aiki. Idan na fahimce ka daidai, kana so ka san abin da ya faru bayan tubar da kowa ke ba da labarinta, sannan ka san ko rubuce-rubucen mutumin suna da abin da za su ba mai koyarwa a ƙauye. Labarin da ka sani gaskiya ne, sai dai ya tsaya a lokacin da Agustin yake da shekara 32, alhali ya kai 75 a duniya, kuma kusan 35 daga cikinsu a kujerar bishop ya yi su. Abin da nake so ka riƙe shi ne cewa mafi yawan tauhidinsa daga wannan kujera ya fito. Mutane ne suka riƙa kawo masa tambayoyi da rigingimu da tsoro, shi kuwa yana amsawa, amsoshin nan ne suka zama littattafan da ake karantawa yau fiye da shekara 1,500.

Daga Tagaste zuwa Milan

An haife shi ranar 13 ga Nuwamba, shekara ta 354, a Tagaste, garin da ake kira Souk Ahras yanzu a gabashin Aljeriya. A wancan zamani yankin yana ƙarƙashin Daular Rum, Latin ne harshen makaranta da mulki, amma mutanen karkara da yawa harshen Funik suke yi. Mahaifiyarsa Monika Kirista ce, mahaifinsa Patrisiyus kuwa sai dab da mutuwarsa ya karɓi baftisma. Ba masu arziki ba ne, har karatun yaron ya tsaya na shekara guda yana da 16 saboda rashin kuɗi, kafin wani attajirin garin mai suna Romaniyanus ya tallafa aka tura shi Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, ya koyi fasahar magana, wadda ita ce hanyar samun muƙami a lokacin.

A Kartaj ya zauna da wata mace ba da aure na shari'a ba, ta haifa masa ɗa mai suna Adeodatus, kuma bisa ga shaidarsa ya riƙe ta ita kaɗai wajen shekara 15. Wannan ya nuna cewa hoton fasiƙin da ya yi ta yawo, wanda ake yawan zanawa a wa'azi, ya wuce abin da ya faru. Babbar damuwarsa ta tunani ce: daga ina mugunta ta fito idan Allah nagari ne? Mabiya Mani, wani malami daga ƙasar Farisa, sun ba shi amsa mai sauƙi, cewa akwai ikon haske da ikon duhu da suke yaƙi tun fil azal, kuma ba mutum ne ke yin zunubi ba, duhun da ke cikinsa ne. Ya bi su kimanin shekara 9. A 383 ya tafi Rum, a 384 ya samu kujerar malamin fasahar magana a Milan, inda fadar sarkin daular take. Can ya riƙa zuwa jin wa'azin Bishop Ambrose, da farko don ya auna ƙwarewarsa ta magana, daga baya abin da ake faɗa ya fara shigarsa. Littattafan falsafar mabiya Plato kuma suka nuna masa cewa mugunta ba halitta ba ce mai zaman kanta, lalacewar abu mai kyau ce da karkatar nufi daga Allah.

Hankalinsa ya yarda, amma nufinsa ya ƙi. Shi da kansa ya rubuta addu'ar da yake yi a ƙuruciya: Allah ya ba shi tsarki da kamun kai, amma ba yanzu ba. A 386, cikin wani lambu a Milan, ya ji muryar yaro tana maimaita "ɗauka ka karanta", ya buɗe wasiƙun Manzo Bulus, idonsa ya faɗa kan Romawa 13:13-14, inda aka ce a bar shashanci da shaye-shaye da fasikanci, a yafa Ubangiji Yesu Almasihu. Ambrose ya yi masa baftisma tare da ɗansa a daren Ista na 387. Monika ta rasu a wannan shekara a Ostiya suna hanyar komawa gida, ɗan ma bai daɗe ba ya rasu bayan sun koma Afirka a 388. Akwai abu ɗaya a wannan sashe da ba na tsallake shi idan ina koyarwa: kafin tubar, an raba shi da uwar ɗansa aka mai da ita Afirka domin a nema masa auren da ya dace da matsayinsa, da hannun Monika a ciki. Ya ce zuciyarsa ta tsage har ta yi jini, amma bai taɓa ambaton sunan matar ba. An zalunce ta, kuma bai kamata ƙaunarmu ga waliyyan nan biyu ta hana mu faɗin haka ba.

Yadda ya zama bishop, da irin aikin da ya tarar

Burinsa shi ne ya zauna a Tagaste da abokansa cikin addu'a da karatu, har yana guje wa garuruwan da ba su da bishop don kada a kama shi. A 391 ya je Hippo, tashar jiragen ruwa da ake kira Annaba yau, yana ganin babu haɗari tunda akwai bishop a garin. Sai dai bishop ɗin, Valeriyus, tsoho ne kuma Girkanci ne harshensa, wa'azi da Latin yana ba shi wahala. Yana cikin gaya wa jama'a cewa yana bukatar firist, sai suka damƙe Agustin suka tura shi gaba, aka naɗa shi yana kuka. Wajen 395 aka naɗa shi bishop mataimaki, ba da jimawa ba Valeriyus ya rasu, nauyin duka ya koma kansa har zuwa 430.

Abokinsa Posidiyus, bishop na Kalama, wanda ya san shi kusan shekara 40 kuma ya rubuta tarihinsa, ya nuna mana yadda ranarsa take tafiya. Dokar daular ta ba bishop ikon yin shari'a tsakanin mutane, saboda haka tun safe yake zama yana sauraron ƙararrakin gado da bashi da iyakar gona har lokacin cin abinci, wani lokaci ya wuni da azumi a kan haka. Yana zuwa wurin mahukunta yana roƙo a sassauta wa waɗanda aka yanke wa hukunci. Firistocinsa tare da shi suke zaune a gida ɗaya, babu mai mallakar abin kansa. Abincinsu yawanci ganye ne da dangin wake, nama sai don baƙi ko marasa lafiya, a jikin teburin kuma an rubuta gargaɗi cewa mai son cin naman wanda ba ya nan ba shi da wuri a wannan tebur. Posidiyus ya ce ya taɓa tsawata wa wasu bishop abokansa a kan haka, ya ce ko a goge rubutun ko shi ya tashi ya bar musu abincin. Da bukata ta taso, ya sa an narkar da kayan ibada masu daraja don a fanshi waɗanda aka kama.

A 1981 aka buga wasu wasiƙunsa da wani masani mai suna Johannes Divjak ya gano a ɗakunan karatu na Faransa. Ɗaya daga cikinsu tana bayanin fataken bayi da suke kai hari ƙauyuka da dare suna kwashe 'ya'yan mutane, suna loda su a jiragen ruwa a tashar Hippo, da yadda 'yan ikilisiyarsa suka kuɓutar da kusan mutum 120, da yadda yake neman a tsaurara doka a kan fataken. Wata kuma tana ba da labarin wani saurayi, Antoninus, da ya yi gaggawar naɗawa bishop a ƙauyen Fusala saboda yana jin Funik, saurayin kuwa ya zama azzalumi mai ƙwace dukiyar talakawa, abin ya dami Agustin har ya yi tunanin sauka daga kujerarsa. Mutumin da ke fama da waɗannan da rana shi ne yake shifta wa marubutansa littattafai da dare. Daga bakinsa kuma aka samo maganar da Paparoma Leo ya maimaita a ranar zaɓensa: domin ku ni bishop ne, tare da ku ni Kirista ne.

Rigimar Donatus

A nan ne za ka fara ganin amfaninsa ga aikinka. A zamanin tsanantawar Sarki Diyokletiyan, daga 303, wasu shugabannin ikilisiya sun miƙa Littattafai Masu Tsarki ga hukuma don su tsira. Da aka samu sauƙi, wani ɓangare a Afirka ta Arewa, wanda ya ɗauki sunan shugabansa Donatus, ya ce duk baftisma da naɗin da ya fito daga hannun irin waɗannan mutane banza ne, sai an sake. Lokacin da Agustin ya zo Hippo su ne suka fi yawa a garin. Amsarsa ita ce baftisma ta Almasihu ce, ba ta mai zuba ruwan ba: ko Bitrus ne ya yi, Almasihu ne ya yi, ko Yahuza ne ya yi, Almasihu ne ya yi. Ikilisiya kuma a wannan duniya gona ce da alkama da ciyawa suke girma tare har ranar girbi, kamar yadda yake a Matiyu 13.

A cikin koyarwata ga katikis na sha gamuwa da wannan tambaya da sabuwar riga. Wata dattijuwa ta taɓa zuwa da katin baftismarta a naɗe cikin leda, hannunta na rawa, tana tambaya ko za a sake yi mata, domin firist ɗin da ya sa hannu a katin ya bar aiki cikin abin kunya. Amsar da ta kwantar mata da hankali ita ce ta Agustin. Kamar wasiƙar sarki ce: ko da ɗan aiken ba mutumin kirki ba ne, hatimin da ke kanta na sarki ne.

Amma a wannan rigima ce kuma ya yi abin da ba zan kare shi a kai ba. Da farko ra'ayinsa shi ne kada a tilasta wa kowa, a yi amfani da hujja kawai. Daga baya, da ya ga dokokin sarki sun dawo da garuruwa cikin ikilisiya, ciki har da garinsu, sai ya sauya, ya kafa hujja da Luka 14:23, inda mai biki ya ce a tilasta wa mutane su shigo. Bayan babban taron Kartaj na 411, wanda bishop sama da 500 na ɓangarorin biyu suka halarta, hukuma ta yanke wa mabiya Donatus tara da ƙwace majami'u. Gaskiya ne cewa ya ƙi yarda a kashe kowa, har ya rubuta wa jami'in sarki, Marselinus, yana roƙo kada a kashe waɗanda suka kashe wani firist na ɓangarensa. Duk da haka hujjar da ya kafa an yi amfani da ita ƙarnuka da yawa wajen zaluntar mutane, kuma Ikilisiyar Katolika a Majalisar Vatikan ta Biyu, a 1965, ta bayyana cewa ba a tilasta wa mutum a sha'anin addini.

Manyan littattafan

Littafin da aka fi sani shi ne Confessiones, wato Furci, mai kashi 13, wanda ya rubuta tsakanin 397 da wajen 400. Addu'a ce daga farko har ƙarshe, da Allah yake magana mu muna sauraro, kuma a shafin farko ne ya ce Allah ya halicce mu domin kansa, zuciyarmu kuwa ba ta samun hutu sai ta huta a cikinsa. Ya daɗe a kan satar 'ya'yan itace da ya yi da abokansa yana da shekara 16, ba don yunwa ba, domin ga aladu suka zubar da su, yana tambayar abin da ke sa mutum ya so laifi don laifin kawai. Kashi 9 na farko labarin rayuwarsa ne, sauran sun shiga batun tunawa da lokaci da farkon Littafin Farawa.

Littafinsa a kan Triniti mai kashi 15 ya ci masa kusan shekara 20, kuma wannan na masu zurfin karatu ne. Birnin Allah kuwa, mai kashi 22, ya fito ne daga wata masifa. A 410 mayaƙan Alarik, sarkin kabilar Goth, suka shiga Rum suka washe ta, 'yan gudun hijira suka kwararo Afirka, masu bin addinin gargajiya na Rumawa suna cewa barin allolin kakanni ne ya jawo haka. Ya fara amsa a 413, ya gama a 426. Abin da ke taɓa ni shi ne inda ya fara: da waɗanda ba a samu binne gawarwakinsu ba, da matan da aka yi wa fyaɗe, yana tabbatar musu cewa tsarkinsu bai tafi ba domin laifin na wanda ya aikata ne, kuma kada su kashe kansu. Daga nan ya shimfiɗa koyarwarsa cewa ƙauna iri biyu ta gina birni biyu, son kai har a raina Allah, da son Allah har a raina kai, kuma biranen a cakuɗe suke har ranar shari'a, saboda haka babu wata daula da za a ce ita ce mulkin Allah. A ciki ne ya tambaya: idan aka cire adalci, mene ne masarautu in ban da manyan ƙungiyoyin 'yan fashi?

Alheri da Felagiyus

Duk wannan yana tsaye a kan abu ɗaya, wato alherin Allah. A 396, yana amsa tambayoyin wani dattijon malamin ikilisiya, Simplisiyanus na Milan, a kan wasiƙar Romawa, ya kai ga cewa ko farkon bangaskiya ma kyautar Allah ce, ayar da ta kama shi kuwa ita ce 1 Korintiyawa 4:7: me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba? Felagiyus, wani mai tsantseni daga Birtaniya da ke koyarwa a Rum, ya fusata da ya ji addu'ar Agustin mai cewa "ka ba da abin da ka umarta, sa'an nan ka umarci abin da ka so", domin yana ganin tana ba malalata mafaka. A ganinsa tunda Allah ya umarta, to mutum zai iya, kuma zunubin Adamu mummunan misali ne kawai. Felagiyus ba mugun mutum ba ne, damuwarsa a kan Kiristocin da ba sa gyara halinsu tana da tushe. Amma Agustin ya san daga rayuwarsa, da ta mutanen da suke zuwa gabansa kullum, cewa mutum yakan san daidai ya kuma kasa yi, domin nufin kansa ne yake da ciwo. Saboda haka alheri ya wuce koyarwa da misali, aikin Ruhu Mai Tsarki ne a cikin zuciya da ke sa mutum ya so nagarta har ya iya aikata ta. Majalisar Kartaj ta 418 ta yi watsi da koyarwar Felagiyus.

A ganina a kan tushen maganar Agustin ne ke da gaskiya, kuma koyarwar Felagiyus, ko da take kama da mai girmama ɗan Adam, ta fi tsanani ga raunana, domin ba ta bar wa wanda ya sake faɗuwa komai ba sai zargin kansa. Sai dai a shekarunsa na ƙarshe, cikin zafin muhawara da Yuliyan na Eklanum, wani bishop mai goyon bayan Felagiyus, Agustin ya tsananta har ya ce jariran da suka mutu ba baftisma suna cikin hukunci, ko da yake mafi sauƙi, ya kuma taƙaita zaɓen Allah ta yadda 1 Timoti 2:4, mai cewa Allah yana so dukan mutane su sami ceto, ta yi masa wuyar fassarawa. Ikilisiya ba ta bi shi har can ba. Majalisar Orange ta 529 ta karɓi koyarwarsa a kan alheri, ta kuma la'anci ra'ayin cewa Allah yana ƙaddara wa wani aikata mugunta, Katekizim na yau kuma yana danƙa jariran nan ga jinƙan Allah da sa zuciya. Idan uwa da ta rasa jariri ta tambaye ka, da Katekizim za ka amsa mata. Luther da Calvin ma sun sha daga gare shi ƙwarai, shi ya sa za ka ji 'yan'uwanmu na wasu ikilisiyoyi suna ambatonsa kamar nasu.

Wajen 426 zuwa 427 ya zauna ya bi littattafansa 93 ɗaya bayan ɗaya yana gyara abin da ya ga bai faɗa daidai ba. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, a wata na uku da mayaƙan Vandal suka kewaye Hippo, yana karanta Zaburar tuba da ya sa aka manna masa a bango. Bai bar wasiyya ba domin ba shi da dukiya, sai umarnin a kula da ɗakin karatun ikilisiya. Ƙasusuwansa suna Pavia a Italiya. Ƙungiyar da Paparoma Leo ya fito daga cikinta, wato Ƙungiyar Waliyyi Agustin, an kafa ta ne a ƙarni na 13 bisa ƙa'idar zaman tare da Agustin ya bari, kuma 'yan wannan ƙungiya daga ƙasar Ayalan ne suka yi aikin bishara a yankunan Yola da Maiduguri. Babbar makarantar horar da firistoci da ke Jos ma sunansa take ɗauke da shi.

Inda za ka fara

Akwai ɗan ƙaramin littafi da kamar don kai aka rubuta shi, De catechizandis rudibus, a kan koyar da masu shiga bangaskiya. Wani dikon na Kartaj mai suna Deogratiyas ne ya rubuto yana kukan cewa koyarwarsa tana gundurar mutane, shi ma tana gundurarsa. Agustin ya amsa cewa shi ma kusan kullum maganarsa ba ta gamsar da shi, ya shawarce shi ya fara tambayar mutum abin da ya kawo shi, ya ba da labarin ceto daga halitta zuwa yau a taƙaice, ya sa ƙaunar Allah ta zama manufar kowace magana. Har ya ce idan ka ga mai sauraro yana hamma, ka faɗi abin da zai faranta masa rai, ka ba shi wurin zama, domin wataƙila tsayuwa ce ta gajiyar da shi. Bayan wannan ka karanta kashi 1 zuwa 9 na Furci, sannan wa'azozinsa, waɗanda sama da 500 suka tsira, da bayaninsa a kan Zabura duka 150, domin ga masunta da manoma da 'yan kasuwa ya yi su, kuma harshensu mai sauƙi ne. Ana samun fassararsu ta Turanci kyauta a intanet, ko a ɗakin karatun dayosis.

Amsa irin wannan ba za ta ɗauki mutumin da ya bar miliyoyin kalmomi ba, na kuma tsallake koyarwarsa a kan aure da yaƙi da fassarar Littafi Mai Tsarki, kowace a cikinsu tana bukatar zamanta daban. Littattafansa na ƙarshe a kan ƙaddara kuwa ina ba ka shawara kada ka shige su kai kaɗai, ka nemi Fada na ikilisiyarku ko wani malamin tauhidi ku karanta tare, da Katekizim a buɗe a gefe.